Tsarin mulkin Daular Akamenid

Daular Akamenid, wadda ake kira Daular Farisa ta Farko, ta yi mulki daga shekarar 550 zuwa 330 kafin haihuwar Annabi Isa (K.H.). Sarki Sairus na Biyu ne ya kafa ta daga yankin Farsa da ke kudu maso yammacin ƙasar Iran ta yau. A lokacin da ta kai ƙololuwar ƙarfinta, iyakarta ta tashi daga kwarin kogin Indus a gabas har zuwa Masar, Libiya da wani sashe na kudu maso gabashin Turai a yamma, kuma babu daular da ta kai ta faɗi kafin zamaninta. Sunanta ya samo asali daga Hakamanish, wanda sarakunan gidan suka ɗauka a matsayin kakansu. Ba ita ce daular Kisra da aka sani a tarihin Musulunci ba. Waccan ita ce Daular Sasaniyawa, wadda aka kafa a shekarar 224 bayan haihuwar Annabi Isa.

Matsalar da ta fuskanci sarakunan Akamenid ita ce yadda mutum ɗaya zai riƙe al'ummomi masu harsuna, addinai da dokoki daban-daban, a zamanin da saƙo ba ya wuce gudun doki. Hanyar da suka bi ta haɗa abubuwa biyu: ƙyale kowace al'umma da al'adunta da shugabanninta, da kuma tsananta kulawa a kan haraji, sojoji, hanyoyi da biyayya ga sarki.

Kafuwar daula

Sairus ya hau gadon sarautar Anshan a wajajen shekarar 559 K.H. A shekarar 550 K.H. ya ci Astiyagis, sarkin Mediya, da yaƙi, ya kama babban birninsa Ekbatana, wato Hamadan ta yanzu. Bayan 'yan shekaru ya ci masarautar Lidiya da ke yammacin Turkiyya ta yau, sannan ya shiga birnin Babila a shekarar 539 K.H.

A Babila Sairus bai rushe tsarin da ya tarar ba. Ya ɗauki laƙabin sarkin Babila, ya kuma gabatar da kansa a matsayin wanda Marduk, abin bautar birnin, ya zaɓa. Wannan bayani yana cikin wani rubutu na yumɓu da aka fi sani da Silindar Sairus, wanda aka tono a Babila a shekarar 1879, yake kuma ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan. Rubutun ya ambaci mayar da gumaka zuwa ɗakunan bautarsu da mayar da mutanen da aka kwashe zuwa garuruwansu. Littafin Ezra ma ya ba da labarin cewa Sairus ya ba Yahudawan da ke zaman bauta a Babila izinin komawa Urushalima su sake gina haikalinsu.

Sairus ya rasu a shekarar 530 K.H., kabarinsa yana Pasargada. Ɗansa Kambisis na Biyu ya ci Masar a shekarar 525 K.H., inda aka naɗa shi Fir'auna bisa al'adar ƙasar. Bayan mutuwar Kambisis a shekarar 522 K.H. rikicin gadon sarauta ya ɓarke. Dariyus na Ɗaya, tare da wasu manyan Farisawa shida, suka kashe mutumin da ke kan karaga, wanda Dariyus ya ce wani malamin addini ne mai suna Gaumata da ya yi sojan gona da sunan Bardiya ɗan Sairus. Masana tarihi da dama suna ganin Bardiya na ainihi aka kashe. Tawaye ya tashi a sassa da yawa, kuma Dariyus ya ce ya gwabza yaƙe-yaƙe 19 ya kama sarakuna tara cikin shekara ɗaya. Ya sa aka sassaƙa wannan labari a jikin dutsen Behistun, kusa da Kermanshah, da harsuna uku: tsohon Farisanci, Elamanci da Babilanci. Wannan rikici ne ya nuna masa raunin daular, shi ya sa yawancin gyare-gyaren mulki da aka sani suka fito daga zamaninsa, tsakanin 522 da 486 K.H.

Matsayin sarki

Sarki shi ne tushen dukkan iko. Laƙabansa sun haɗa da Babban Sarki, Sarkin Sarakuna da Sarkin Ƙasashe. A rubuce-rubucen fada, sarakunan sun jingina mulkinsu ga Ahuramazda, abin bautar da suka ce shi ya ba su sarauta domin su tsayar da gaskiya da tsari. Duk wanda ya yi tawaye ana kiransa mabiyin ƙarya, don haka saɓa wa sarki laifi ne na siyasa da na addini a lokaci guda.

Tun daga Dariyus, sarauta ba ta fita daga gidan Akamenid ba. Sai dai ba kullum babban ɗa ke gado ba. Dariyus ya zaɓi Zaksis na Ɗaya, wanda ake kira Ahasurus a Littafi Mai Tsarki, alhali yana da ɗan da ya girme shi, saboda mahaifiyar Zaksis, Atosa, 'yar Sairus ce. Rashin tsayayyar doka a kan gado ya jawo zub da jini sau da yawa a fada.

Sarki ba ya mulki da ƙarfi kawai. Kyauta tana cikin manyan makamansa. Yakan ba waɗanda suka yi masa hidima riguna, sarƙoƙin zinariya, takubba, dawakai, gonaki har ma da kuɗin shigar garuruwa. Temistokilis, jagoran Atina da ya ci Farisawa a yaƙin Salamis, daga baya ya gudu zuwa wurinsu, aka ba shi Magnesiya da wasu garuruwa ya ci amfaninsu. Abin da sarki ya bayar yana iya karɓe shi, wannan ya sa manya suka dogara da yardarsa.

Fada da manyan birane

Daular ba ta da babban birni guda. Fada tana ƙaura tsakanin Shushan, Babila, Ekbatana, Pasargada da Persepolis, wanda Dariyus ya fara ginawa a wajajen 518 K.H. Marubutan Girka sun ce sarki yakan yi lokacin sanyi a ƙasashen da ke da ɗumi, ya koma Ekbatana mai tsaunuka idan zafi ya shigo. Wannan yawo yana ba shi damar ganin talakawa, karɓar gaisuwa da sauraron ƙorafi.

A fada akwai wani babban jami'i da ake kira hazarapati, ma'ana shugaban dubu. Shi ne kwamandan dogaran sarki, kuma ta hannunsa ake neman iso. Akwai kuma mai riƙe da mashin sarki, mai riƙe da bakansa, mai shayarwa, marubuta, likitoci da bābānni. Likitocin sukan fito daga Masar da Girka.

Matan gidan sarauta suna da dukiya da ma'aikata na kansu. Takardun Persepolis sun nuna cewa Irtashduna, matar Dariyus, da wata basarakiya mai suna Irdabama suna da gonaki, suna da hatimin kansu, suna kuma ba da umarni a rubuce.

Gine-ginen fada su ma hanyar isar da saƙo ne. A matakalan babban zauren Apadana da ke Persepolis an sassaƙa tawagogi 23 na al'ummomin daular, kowace da irin tufafinta da kayan gaisuwarta. Rubutun harsashin fadar Shushan ya lissafa inda aka samo kayan gini: katakon al'ul daga Labanon, zinariya daga Sardis da Baktiriya, hauren giwa daga Kush da Indiya.

Larduna da gwamnoni

An raba daular zuwa manyan larduna, kowanne a ƙarƙashin gwamna da ake kira satrap. Kalmar ta fito daga tsohon Farisanci, ma'anarta mai tsaron mulki. Tun zamanin Sairus akwai gwamnoni, amma Dariyus ne ya daidaita tsarin. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya lissafa gundumomin haraji 20, yayin da rubutun Behistun ya ambaci ƙasashe 23. Yawan lardunan da iyakokinsu sun riƙa sauyawa, misali an raba Babila da yankin da ke hayin kogin Furat bayan sun daɗe a ƙarƙashin gwamna ɗaya.

Yawancin gwamnoni Farisawa ne, da dama daga cikinsu 'yan gidan sarauta ko surukan sarki. Aikin gwamna ya haɗa da tara haraji, tsaron hanyoyi, tara mayaƙa idan sarki ya buƙata, yanke manyan shari'o'i da hulɗa da maƙwabta. Yana da fadarsa, baitulmalinsa da marubutansa.

Ƙarƙashin gwamna akwai shugabannin gargajiya da aka bar su a kan kujerunsu. Biranen Finikiya irin su Sidon da Taya sun ci gaba da sarakunansu, haka ma biranen tsibirin Kubrus. Haikalin Babila da na Masar sun ci gaba da kula da filayensu. A Kariya, wani gida na 'yan ƙasa ya riƙe gwamnanci, kuma daga cikinsa ne Mausolus ya fito, wanda ya yi mulki daga 377 zuwa 353 K.H. Abin da sarki ke nema shi ne haraji, mayaƙa da zaman lafiya. Bayan murƙushe tawayen Girkawan Iyoniya, wanda aka yi daga 499 zuwa 493 K.H., Farisawa sun sake auna filaye domin daidaita haraji, sun kuma amince da mulkin jama'a a wasu biranen maimakon shugabannin da mutane suka ƙi.

Hanyoyin sa ido

Gwamna mai dukiya da sojoji, wanda ke da nisan tafiyar watanni daga fada, barazana ne ga sarki. Saboda haka aka samar da hanyoyin taka masa birki. Kwamandojin wasu muhimman sansanonin soja sarki ne ke naɗa su. A fadar kowane gwamna akwai marubutan sarki da ke karanta wasiƙun da suka zo daga sama. Marubutan Girka sun kuma ambaci wani jami'i da suke kira idon sarki, wanda ke bincike ya kai rahoto kai tsaye.

Hirodotus ya kawo labarin Oroitis, gwamnan Sardis, wanda ya ƙi yi wa Dariyus biyayya. Maimakon ya tura runduna, sarki ya aika mutum ɗaya da wasiƙu masu hatiminsa. Aka fara karanta wa dogaran gwamnan wasiƙun da ba su da nauyi domin a gwada su. Da aka ga suna girmama hatimin, sai aka karanta wadda ta hana su yi wa gwamnan hidima, daga ƙarshe wadda ta umarce su su kashe shi, suka kuwa aikata. Labarin yana nuna cewa biyayyar sojan Farisa ga sarki take, ba ga gwamna ba.

Haraji da kuɗi

Kafin Dariyus, a cewar Hirodotus, al'ummomi kyaututtuka suke kawowa. Dariyus ya yanka wa kowace gunduma adadin da za ta biya a shekara, ana aunawa da talanti, ma'aunin da ya kai kimanin kilo 30 a lissafin Babila. Bisa jerin Hirodotus, Babila da Assuriya suna biyan talanti 1,000 na azurfa, Masar da maƙwabtanta 700, Indiya kuma talanti 360 na garin zinariya. Ya ce Farisawa ba sa cikin wannan jeri, sannan wasu al'ummomin bakin iyaka kyauta suke kawowa: Larabawa lubban, mutanen Kush zinariya, katakon kanya da hauren giwa. Ya ƙara da cewa saboda wannan tsari Farisawa suka yi wa Dariyus laƙabi da ɗan kasuwa, Kambisis ubangida, Sairus kuma uba.

Ba da azurfa kaɗai ake biya ba. Ana karɓar hatsi, dabbobi, dawakai da aikin ƙarfi. A Babila an raba wa sojoji gonaki da ake kira gonar baka, gonar doki da gonar karusa, gwargwadon irin hidimar da mai gonar zai yi a yaƙi. Takardun gidan kasuwanci na Murashu da aka tono a Nippur sun nuna yadda masu irin waɗannan gonaki suke jinginar da su ko ba da su haya domin su samu azurfar biyan haraji.

Dariyus ya buga kuɗin zinariya mai suna darik, mai nauyin kimanin giram 8.4, ɗauke da hoton sarki riƙe da baka. Akwai kuma na azurfa mai suna siglos, wanda guda 20 ke daidai da darik ɗaya. An fi amfani da tsabar kuɗi a yammacin daular, musamman wajen biyan sojojin haya. A Babila da sassan gabas, auna azurfa ake yi a kan sikeli.

Hanyoyi, wasiƙu da harshen aiki

Hanyar da ta fi shahara ita ce Hanyar Sarki daga Sardis zuwa Shushan, mai tsawon fiye da kilomita 2,500. Hirodotus ya ce tana da zango 111, kuma matafiyi yana cinye kwana 90 a kanta. Manzannin sarki suna sauya doki da mahayi a kowane zango, don haka saƙo yana isa cikin kwanaki kaɗan. Wasu hanyoyin sun haɗa Persepolis da Baktiriya, Indiya da Masar. Dariyus ya kuma kammala haƙa mashigin ruwa tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya, ya kafa duwatsu masu rubutu a gefensa.

Mai tafiya a kan aikin hukuma yana riƙe da takardar izini mai hatimin sarki ko na gwamna. Da ita yake karɓar gari, giya da abincin dabbobi a rumbunan hanya, ma'ajin rumbu kuma ya rubuta abin da ya fitar.

Tsohon Farisanci bai zama harshen ofis ba, an fi amfani da shi a rubutun duwatsu. Harshen da ya haɗa ofisoshin daular shi ne Aramanci, wanda ake rubutawa da tawada a kan fata ko takardar papirus. An samu wasiƙun Arshama, gwamnan Masar a ƙarni na 5 K.H., da kuma wasiƙun gwamnatin Baktiriya ta ƙarni na 4 K.H., kuma salon rubutunsu kusan iri ɗaya ne duk da nisan dubban kilomitoci da ke tsakaninsu. Tare da haka an ci gaba da amfani da Elamanci a Farsa, Babilanci a Babila da rubutun Misirawa a Masar.

Takardun Persepolis

A shekarun 1933 da 1934 masu tono kayan tarihi daga Jami'ar Chicago, ƙarƙashin Ernst Herzfeld, sun gano dubban allunan yumɓu a cikin ganuwar Persepolis. Yawancinsu da Elamanci aka rubuta, tsakanin 509 da 493 K.H. Suna ɗauke da lissafin hatsi, giya, 'ya'yan itatuwa da dabbobi da aka karɓa ko aka raba.

Shugaban wannan ma'aikata shi ne Parnakka, dangin Dariyus na kusa. Kasonsa na kullum tumaki biyu ne, da mudu 180 na gari da 90 na giya, wanda da shi yake ciyar da ma'aikatansa. Allunan sun ambaci ƙungiyoyin leburori da ake kira kurtash, waɗanda aka kawo daga ƙasashe kamar Lidiya, Masar, Babila da Baktiriya, maza da mata da yara. Ana biyan su da abinci gwargwadon aiki da shekaru. Wasu mata shugabannin ƙungiya suna karɓar kaso fiye da na mazan da ke ƙarƙashinsu. Macen da ta haihu tana samun ƙari, kuma wadda ta haifi namiji tana samun ninki biyu na wadda ta haifi mace. Da yawa daga cikin leburorin ba da son ransu aka kawo su ba.

Shari'a da addini

Babu kundin doka guda da ya hau kan kowa. Kowace ƙasa tana shari'a da dokokinta, umarnin sarki kuma yana bisa duka. Wata takarda ta Masar ta nuna cewa Dariyus ya sa masanan ƙasar su tattara tsofaffin dokokinsu a rubuce. Kalmar Farisanci ta doka, wato data, ta shiga Aramanci da Ibrananci. Akwai alƙalan sarki da ake naɗawa na tsawon rai. Hirodotus ya ba da labarin alƙali Sisamnis da Kambisis ya kashe saboda cin hanci, aka shimfiɗa fatarsa a kan kujerar shari'a, aka naɗa ɗansa ya zauna a kai.

Sarakunan ba su tilasta wa kowa bautar Ahuramazda ba. Allunan Persepolis sun nuna ana fitar da kaya daga rumbun hukuma domin hidimar gumakan Elam da na Iran. A tsibirin Elefantin na Masar akwai sojojin Yahudawa masu ɗakin ibadarsu, kuma da aka rushe shi a shekarar 410 K.H., sun rubuta wa gwamnan Yahudiya takardar neman izinin sake ginawa. Wannan sassauci yana da iyaka: garin da ya yi tawaye yana iya rasa ɗakin bautarsa da mutanensa, kamar yadda ya faru da Miletus a shekarar 494 K.H.

Sojoji

Ginshiƙin rundunar shi ne Farisawa da Mediyawa. Akwai zaɓaɓɓun dakaru 10,000 da Girkawa suka kira marasa mutuwa, domin da zarar ɗaya ya faɗi ake cike gurbinsa. An tsara rundunar goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu. Idan babban yaƙi ya taso, kowane lardi yana turo mayaƙansa. Jiragen ruwa kuwa daga Finikiya, Masar, Kubrus da Iyoniya ake samun su. A ƙarni na 4 K.H. sarakuna da gwamnoni sun yawaita ɗaukar sojojin haya daga Girka.

Rauni da faɗuwa

Shan kashi a Girka a shekarun 490, 480 da 479 K.H. ya tsayar da faɗaɗar daular a yamma, amma bai karya ta ba. Babbar matsalar daga cikin gida take. An kashe Zaksis na Ɗaya a fadarsa a shekarar 465 K.H. Bayan mutuwar Artashate na Ɗaya, 'ya'yansa uku suka yi ta kokawar karaga har Dariyus na Biyu ya yi nasara a 423 K.H. A shekarar 401 K.H. Sairus Ƙarami ya yi amfani da dukiyar lardunansa ya yaƙi wansa Artashate na Biyu, aka kashe shi a Kunaksa. Masar ta ɓalle daga 404 zuwa 343 K.H., wasu gwamnonin yamma kuma suka yi tawaye a shekarun 360 K.H.

Iskandar na Makidoniya ya shiga daular a shekarar 334 K.H. Ya ci Dariyus na Uku a Issus a 333 da Gaugamela a 331, ya ƙona fadar Persepolis a 330. A wannan shekarar Bessus, gwamnan Baktiriya, da abokansa suka kashe Dariyus na Uku.

Abin da daular ta bari

Iskandar bai soke tsarin larduna ba. Ya naɗa Mazayus, wani babban Bafarishe, gwamnan Babila, ya ci gaba da karɓar haraji ta hanyoyin da ya tarar. Daular Selusid da ta biyo baya ita ma ta riƙe tsarin, kuma laƙabin satrap ya rayu har a yammacin Indiya ƙarnoni da dama bayan haka. Sarakunan Fartiya da na Sasaniyawa sun ci gaba da amfani da laƙabin Sarkin Sarakuna.

A shekarar 1971 gwamnatin Shah Muhammad Reza Pahlavi ta yi bikin cika shekara 2,500 da kafa sarautar Iran, ta gabatar da Silindar Sairus a matsayin takardar haƙƙin ɗan Adam ta farko a duniya. Yawancin masana tarihi ba su yarda da wannan fassara ba, suna cewa rubutun ya bi salon da sarakunan Mesofotamiya suka saba da shi wajen halatta mulkinsu. Hukumar UNESCO ta sanya Persepolis cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1979, Pasargada a 2004, Behistun kuma a 2006.